Mudun Annamma

Ran da aka yi mata walimar ajiye aiki
damina ta hana Kochi sakat,
ruwa na dukan kwanon zauren taro
har sai da shugaban tsangaya ya ɗaga murya:
maƙala ɗari da tara,
an ambace ta sau dubu shida da 'yan kai,
ɗalibanta goma sha bakwai sun zama likitocin fiɗa.
Aka tafa. Ni ma na tafa
daga can baya, kusa da tukunyar shayi.

Ni ne Thankachan, mai danna na'ura.
Shekara ashirin da biyu a ɗaki mai sanyi
ina cewa: ja numfashi, riƙe, kar ka motsa,
sake shi.
Babu sunana a kan takarda ko ɗaya.
Ga tawa ƙidayar.

Zan fara da yaron da bai tashi ba.
Ya ba yayarsa rabin hanta,
abin da aka bar masa bai ishe shi ba.
Manya suka ce ƙaddara, suka wanke hannu.
Ita ta kwashi hotunan ta kulle ƙofa,
kwana uku ba ta ci komai ba sai ayaba,
ta fito ido jajur ta ce da ni:
"Wai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Idon ne ya ci yaron nan.
Mudu za mu sassaƙa."

Muka sassaƙa. Shekara bakwai.
Hoto falle-falle, siriri kamar ɓawon albasa,
tana bin jijiya da tsinin fensir
kamar mai ratsa rafukan bayan gari a kwalekwale:
nan ta rabu biyu, nan ta sha kwana,
nan ga wata 'yar mitsitsiya da littafi bai san da ita ba.
Mujallu uku suka maido mata da aikin.
Ta huɗu ta karɓa, ta kuskure harafi a sunanta.

Sai Velayudhan masunci,
ido kamar an shafa gangamau, ciki kamar tulu.
'Yarsa Sreekala ta zo da ƙafarta: a yanke ni.
Na kwantar da ita, hantarta na kaɗawa,
na kuwa gani a allo da idona.
Mudu ya ce a'a,
abin da zai rage mata ya gaza da kaɗan.
Ta yi kuka, ta zage mu, ta ce mun kashe mata uba.
Farfesa ba ta tanka ba.
Aka auna ƙanensa, wanda ba sa ga maciji
tun rigimar taru, shekara tara.
Mudu ya ce i.
Yau su biyun na cikin jirgi ɗaya,
hanta da jini,
kuma har gobe faɗan tarun bai mutu ba.

Sreekala ta haifi biyu. Ba ta taɓa gode mana ba.
Wadda aka hana wuƙa
ba ta da layi a mujalla.

An ce a ƙasashen da ban taɓa takawa ba
wani likita kan kunna allo da asuba
ya auna kafin ya yanka.
Bai san sunanta ba, in ya sani bai iya faɗa.
Wa ke tambayar sunan gishiri
in miya ta yi daɗi?

Da aka watse ta same ni a bakin tukunya,
lema a hammata, gefen sari ya jiƙe sharkaf.
Na ce: dubu shida, Farfesa!
Ta ce: "Rabinsu don su ƙaryata ni suka ambace ni.
Gobe ƙarfe bakwai akwai yarinya,
ka duba jijiyar hagu da kyau."
Na ce: kin fa ajiye aiki.
Ta ce: "Na sani. Ka dai duba."

Ta buɗe lema, ta shiga ruwa.