Gonata a Bokitin Fenti

Ubana ya nome eka tara a Ɗanja.
Ni ga ni a Leicester, hawa na uku,
gonata bokitin fenti ce
da na huda wa gindi da ƙusa.

Hansa, tsohuwar ƙasan bene,
ita ta tare ni a matakala
ranar da na ɗauko mata buhun shinkafa.
Ta ƙunshe min iri a takardar kuɗin wuta,
ƙwayoyi kamar dawar da ta sha fari.
Na sansana. Ashe kusbara ce,
wadda nake gani a kwalaben masu magani
a bakin masallacin Juma'a.
Ban taɓa sanin tana da ganye ba.

Ta ce, murje ta tukuna,
kowace ƙwaya tagwaye ce,
sai an raba su suke saurin tashi.

Na murje da gindin kofi, na binne.
Kwana goma sha shida,
in na ajiye bas na dawo gida
kafin in cire takalmi sai na leƙa taga.
Baƙar ƙasa, shiru.
Ranar garin nan kuwa baƙuwa ce mai kunya,
ta leƙo, ta gaisa, ta ce sauri take.
Uwani ta ce, Sarkin Noma,
in kira 'yan ɗaurin dami ko da saura?

Ran sha bakwai suka ɓullo,
sirara, kowanne da hular ɓawo a ka,
duk sun karkata wajen gilashi
kamar fasinja in na sha kwana.

Tsinkar farko a kan farfesun kifi.
Na kai loma, na tsaya cak.
Sabulu! Wallahi sabulu,
kamar an ɗauraye kwanon da ganganci.
Uwani ta ce ita lemun tsami take ji
da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.
Bara'atu ta share nata
ta miƙo hannu cikin nawa.
Tukunya ɗaya, harshe uku.
Na dai haɗiye.
Manomi ba ya kushe amfaninsa a gaban iyali.

A hankali muka san halinta.
Ba ta son wuta, sai an sauke ake barbaɗawa.
Ta shiga dambu inda lansir ya kamata ya zauna,
ta zauna ɗosane, kamar mai riƙon kujera,
har muka daina tambayar mai wurin.

Sai ga Yuli da zafin kwana biyar,
irin wanda Turawa ke tuɓe riga dominsa.
Kafin mako ta zabura, ta yi tsayi,
ganyen ya koma zare,
ta ɗora farin fure a ka ba shawara.
Na ɗauko almakashi, raina a ɓace.
Na sauka da bokitin in kai ƙara.

Hansa na zaune cikin kwalaye,
ɗanta zai mai da ita Coventry,
gwiwa ta ƙi matakala.
Ta dubi furen, ta karɓe almakashin.
Ta ce, ba lalacewa ta yi ba,
ta ji lokaci ya ƙure ne, tana haɗa kaya.

Na bar ta ta bushe a tsaye.

Jiya yayana ya kira daga Ɗanja,
masara buhu arba'in, ban da waken gefe.
Ya ce, kai fa, nawa ka samu bana?
Na ce cokali huɗu.
Ya yi dariya har waya ta yanke,
ya sake kira, ya ce kar in manta da zakka.

Ban manta ba.
Cokali ɗaya na cikin ambulan, da adireshin Coventry.
Ɗaya na turmi, na yajin Uwani.
Biyu na jiran bazara a bayan agogo.

Har yau ina ɗan jin sabulun, can ƙasan harshe.
Na sayo bokiti na biyu.