Abin da Ban Gaya wa Gunvor Ba

Tun ƙarfe biyu rana ta faɗi a Umeå.
Ni ina can sama, bayan gilashi,
hannuna kan linzamin ƙugiya mai yatsu biyar,
ina damƙo shara ina ɗura wa tanderu.
Shekara sha tara muna tare da wutar nan,
ban taɓa jin ta ce ta ƙoshi ba.

Mahaifiyata Gunvor ta haura tamanin.
Sau biyu take wanke robar madara,
ta kife ta bakin taga,
sai ka ce kwanon da babban baƙo zai ci a ciki.
Jaka bakwai ne jere a madafarta,
farar kwalba ba ta kwana da koriya.
Ran Asabar ta ja kayanta bisa ƙanƙara,
tana tafe tana tokara sanda.

"Torkel," in ji ta, "roba takan sake zama roba.
Toka fa, me za ta zama?"
Na ce, "Mama, taɓa bututun ɗakinki."
Ta taɓa, ta janye hannu.
"To wannan ɗumin tsumman wani ne,
da ɓawon dankalin wani,
da takalmin da ya rasa ɗan'uwansa.
Ba don su ba, da sanyi ya cinye miki ƙashi."
Ta ce, "Hayaƙin kuma, ɗakin wa yake ɗumamawa?"

Na yi mata bayanin matatai,
yadda muke wanke hayaƙi kafin ya fita.
Ban ce mata akwai wanda ba ya wankuwa ba,
marar launi, marar wari,
mai hawa sama ya zauna jiran jikokinta.
Ban ce mata bara sharar gari ta gaza mana,
sai da jirgin ruwa ya kawo ta wata ƙasa ba.
Wanda ya gina wa wuta ɗaki
ya ɗauko mai ci, ba mai tashi.

Daren Laraba wata mota ta juye kaya,
robobin da masu tacewa suka ƙi:
wannan ta haɗa jinsi uku, waccan baƙa ce,
narkar da su ya fi sabuwa tsada.
A cikin tulin na hango su,
tsaf, a cuse cikin juna, an ɗaure da jan zare.
Na san ɗaurin nan.
Da shi aka ɗaure mini hular sanyi ina yaro.

Na tsayar da ƙugiya a sama.
Ingvald ya yi magana ta rediyo:
"Zafi na sauka, me kake jira?"
A waje gidaje dubu sun rufe ƙofa,
ga asibiti, ga ɗakin jarirai.
Na saki.

Da asuba na biya ta gidanta.
Ɗaki ya yi ɗumi, kyanwa na barci kan bututu.
Ta zuba mini kofi,
ta juya ga famfo da wata robar a hannu.
Na buɗe baki, na rufe.
Na ɗauki tawul,
na tsaya gefenta ina gogewa.