Ƙeyar Ta Gaba

A garinmu, can tsakiyar gonakin masarar Nebraska,
mutum ɗari bakwai ne, in an haɗa da jarirai.
Sunana yana jikin tankin ruwa da jan fenti:
MARLYS KUCERA, ZAKARAR JIHA.
Baba ya hau tsani da kansa
ya miƙe harafin da ya karkace.

Shekara huɗu ina gudun mita dubu da ɗari shida,
ban taɓa ganin ƙeyar kowa ba.
Iska ce kaɗai a gabana, sai layin ƙarshe.
Mista Hruska shi ne koci, shi ne malamin lissafi,
shi ne direban bas ɗin da ke kai mu gasa,
agogonsa a wuya, a ɗaure da igiyar takalmi.
In na yi nasara, mai shagon burodi ba ta karɓar kuɗina.

Sai takarda ta zo daga jami'a:
za su biya karatuna, ni kuma in biya da ƙafafuna.

Ranar farko, ƙarfe biyar na asuba,
mu ashirin da shida a ɗakin sauya kaya.
Ta damana ta ce ita ce zakarar Ohio.
Ta haguna, Texas, har sau biyu.
Wata doguwa mai suna Odalys ba ta ce komai ba,
tana dai ɗaure takalminta.
Kowacce ta baro tankin ruwanta a baya.
Ashe kifin rijiya ce ni.

A zagaye na uku numfashina ya ƙwace.
Na ga ƙeya, na ga biyu, na ga goma sha tara,
kitso da gashi a ɗaure suna lilo, suna nisa.
Na yi amai a bayan shinge.
Babu wanda ya juyo.
Sabon koci ya duba allonsa ya kira ni Marilyn.

A nan ana auna barcina, ana auna abincina,
ana tsoma ni cikin ruwan ƙanƙara har ƙugu.
Ina gyangyaɗi a ajin kimiyya da alƙalami a hannu.
Asabar ta zo, bas ya tafi gasa da mutum bakwai,
na tsaya a taga da kwandon wanki.

Daren nan na kira Mista Hruska.
Ina jin karensa yana haushi, talabijin na magana.
Na ce, Ni ce ta ashirin.
Ya yi shiru, ya kurɓi wani abu, sannan ya ce,
Gaba da gabanta, yarinya.
Shekara huɗu ina nema miki wadda za ki bi,
duk gundumar nan ban samu ba.
Wace ce ta sha tara?

Litinin na gano ta.
Sunanta Brynn, tana da tabon ƙuna a wuya,
kafaɗarta ta hagu tana ɗan faɗuwa in ta gaji.
Na liƙa idona a kan tabon.
Zagaye ɗaya, biyu, uku, bai yi nisa ba.
Ban wuce ta ba.
Da muka tsaya, muna dafe da gwiwoyi,
ta miƙo min gorar ruwanta ba tare da ta ɗago ba,
ta ce, Gobe ki daina taka min dunduniya.

Baba ya ce fentin tanki ya fara ɓarewa,
ko ya sake hawa?
Na ce ya bari tukuna.