Katin Malam Ilu

Ni ke riƙe da biron.
Kowane kati gida talatin ne;
duk wanda ya kwanta a ƙarƙashin injin gashi
sai in cike masa gida guda.

Rana ɗaya aka shata musu wuya da tawada:
Alhaji Sidi na Nassarawa,
da Malam Ilu mai faci, daga Rimin Kebe, can ƙetaren kwari.
Magana ɗaya likita ya faɗa musu:
kada a tsallake rana, daji ba ya jiran kowa.

Katin Alhaji ya cika kamar ƙosasshiyar masara.
Direba na jira a gindin darbejiya
da kunun gyaɗa a fulas.
Ran da injin ya tsaya,
kafin la'asar ɗansa ya samo masa gurbi a wani gari.

Malam Ilu ya zo Litinin. Ya zo Talata.
Laraba ruwa ya kwana yana zuba,
ɗan sahu ya ce ko nawa ne ba ya shiga unguwar.
Alhamis ya tako har Gwagwarwa, laka iya gwiwa,
ya tarar layi ya wuce shi.
Mako na biyu ya sayar da injin iskarsa.
Mako na uku kuɗin suka ƙare
tsakanin kuɗin mota, maganin zafi, da tukunyar gida.

Na buga lambar da ya bari.
Ta mai cajin wayar bakin layinsu ce.
Ya ce, zan faɗa masa in na tashi.

A fayil an rubuta: ba ya kiyaye lokaci.
Na duba katin gaba da baya,
babu gidan ruwan sama,
babu gidan kwalbatin da ya karye,
babu gidan naira dubu uku.

Bayan kwana tara sai ga shi,
katin a naɗe cikin ledar burodi,
tawadar wuyan ta dushe, murya ta koma raɗa.
Ya sunkuyo kan tagata, ya ɗora yatsa a giɓin,
yatsan da baƙin taya bai gama fita ba,
ya ce, ɗana, wannan
ana rama shi kamar azumi?

Na cire murfin biron.
Na mayar.