Kujerar Gaba

Shekara ashirin da biyu Amai tana wankin zannuwan gado
a sansanin baƙi, bakin kogin Luwangwa.
Ta san baƙo daga jar ƙasar wuyan rigarsa,
ta san wanda gurnanin dare ya firgita
ba sai an gaya mata ba.
Amma ƙofar gandun daji, mil uku daga igiyar shanyarta,
ba ta taɓa ƙetare ta ba.

Ran Talata jirgin baƙina ya maƙale a Lusaka.
Na ce wa manaja motar na son gwaji.
Ya dube ni, ya dubi Amai cikin zanenta na zuwa coci,
ya ce, "Gwada ta da kyau, Yotamu."

Ta zauna kujerar gaba, jaka bisa cinya,
dafaffiyar gyaɗa ƙulle a bakin zane.
Na soma karatun da nake wa baƙi,
shekarun kada, nauyin dorina,
ta ce, "Tuƙa kawai. Ni na yaye ka."

Zakuna huɗu a gindin hantsar giwa,
ciki sama, ƙuda na shawagi.
"Su ke nan?" in ji ta.
"Haka kawunka Lekisoni yake kwanciya bayan biki."
Jakunan dawa ne suka tsayar da ita.
Ta daɗe tana duban ratsinsu
kamar mai taya atamfa a kasuwar Mfuwe,
can ta ce, "Duk ruwan saman nan,
baƙin bai taɓa zuba a farin ba."

Sai a mashayar da ke bayan kukoki
ta dafa hannuna a kan sitiyari.
Na kashe inji.
Giwa ce, kunnen hagu a tsage,
haure ɗaya guntu.

"Ita ce."

Bara, ana saura mako biyu a karya masara,
ta shigo da tsakar dare.
Amai ta buga garwa har tafinta ya fashe,
ta ƙona barkono, ta kira sunan kowane maƙwabci.
Da asuba gona ta zama masussuka,
mangwaron da Baba ya dasa kafin rasuwarsa
na kwance, saiwa a sama.

Amai ta miƙe tsaye, abin da nake hana kowa.
"Ke! Ni ce Tikambenji.
Buhu goma sha ɗaya.
Yau ga ni a taki gonar."

Giwa ta ɗaga hanci, ta shaƙi iskarmu,
sabulu da gyaɗa da baƙin mai.
Sai ciyawa ta motsa a ƙarƙashinta,
wani ɗan abu mai gashi-gashi ya fito yana tuntuɓe da hancinsa,
ya laluba tsakanin ƙafafun gaba,
ya kama nono, a ƙirji, inda na mutum yake.

Amai ta koma ta zauna a hankali.
Na ga leɓɓanta na ƙirga watanni.
"Ashe da ciki ta zo mini."

Balbela ta sauka, ta tashi.
Ba wanda ya yi magana har suka shige ƙaya.

A hanyar gida ta tambayi kuɗin wannan kujera.
Na faɗa. Ta sa na maimaita.
Ta lissafa da yatsu, buhu-buhu,
yatsu suka ƙare.
"To bashina na nan," ta ce,
"sai dai yanzu ban san wa zan bi ba."

Tun kafin in gama tsayawa ta sauka da gudu,
gwaggon biri na bisa igiya
yana jan zanen gadon ɗaki na shida.