Maɓalli Mara Suna

A Valparaíso gidaje na hawa dutse kamar awaki.
Ni ina can saman shagon mai gyaran takalmi,
wata huɗu ina gina manhajar motocin haya.
Na zaɓi shuɗi irin na teku da hantsi,
rubutu siriri kamar gashin jariri,
na ce, to, ta yi kyau.

Ranar Laraba Eleuterio ya zo gwaji.
Ya jingine farar sandarsa jikin firiji,
ya kai wayar kunne, yatsa na shafar gilashi.
Muryar na'ura ta karanta masa aikina:
"Maɓalli.
Maɓalli.
Hoto.
Maɓalli."

Wata huɗu, kalma biyu.

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba.
"Ximena, kin gina gida mai ƙofa goma sha biyu,
ba ki sa wa ko ɗaya suna ba.
Wacce ce ta fita, wacce ce ta rami?"

Shayina ya huce a hannuna.

Daren nan na kashe hasken allo,
na kulle linzamin kwamfuta a aljihun tebur,
na bi manhajata da kunne, ina lalube.
Sau bakwai na faɗa ramin da na haƙa da kaina.
Na fita neman motar Playa Ancha,
na ɓuge da goge asusuna.

Sai na zauna raɗin suna,
ba rago, ba taro:
kai sunanka Nemi Tasha,
kai Koma Baya,
kai kuma Mota Ta Kusa.

Na tuna hannun kakata Fresia,
na faɗaɗa kowane maɓalli ya ɗauki yatsa mai karkarwa.
Ja da kore na ƙara musu kalma,
don akwai idon da ba ya raba su.
Shuɗin nan nawa na teku kuwa,
dole ya yi duhu kafin rubutu ya fito.
Har yau ina ɗan kewarsa.

Laraba ta dawo da ruwan sama.
Eleuterio ya saurara, ya sake saurara,
ya ɗaga kai: "Minti huɗu, in ji ta."
Ya suri sandarsa.
Bai ce na gode ba,
bai ce sai an jima ba.

Ta taga na jiyo ƙwas-ƙwas ɗinta kan matakala,
tana gangarawa da sauri,
saurin mutumin da ya san
yaushe motarsa za ta zo.