Haguna, Damarka

Ranar da na miƙa maka basilla da hagu,
ina ɗan shekara bakwai,
ba ka ce uffan ba, Baba.
Ka bar hannun a rataye cikin iska
har ya gane laifinsa da kansa.

Inna Kulu ta gwada barkono a yatsu,
ta gwada tsumma, ta ɗaure shi ta baya lokacin tuwo.
Dama ta koyi loma, ta koyi gaisuwa,
ta koyi karɓar canji a Ƙofar Wambai.
Iyakar karatunta ke nan.

Sauran a rumfarka na sace shi.
Yayyena suna gefenka, kafaɗa da kafaɗa,
ni kuwa ka ajiye ni a gabanka, cikin tarkacen fata,
kada in ɓata wa kowa layi.
Ba ka san gurbina ka ba ni ba.
In ka ɗaga dama, haguna ne ke duban ta ido da ido.
Ka huda, wani abu ya huda a tsintsiyar hannuna.
Ka ja zare ta cikin kaki,
yatsuna su ja nasu a aljihu.
Shekara uku ina ɗinka takalma
ban taɓa fata ba.

Bara, saura kwana biyu azumi,
basilla ta suɓuce maka bayan la'asar.
Ka sunkuya ɗauka, hannun ya ƙi zuwa.
Hannun da ya yi kube dubu,
ya aurar da mu takwas,
ya kwanta a cinyarka kamar baƙon da bai ji Hausa.

A asibitin Murtala, Malama Zulai mai gashin ƙashi
ta lanƙwasa yatsunka ɗaya bayan ɗaya, ta ce da ni:
"Ƙwaƙwalwa ba ta kallon banza.
Abin da ido ya ga wani hannu na yi,
tana bitar sa a ɓoye.
Je ka filin dambe ka dubi 'yan kallo,
kafaɗu na zillo, ba su aka kai wa naushi ba.
Yaro ya tsotsi tsamiya a gabanka,
yawun wa ke tsinkewa?
Ban yi alkawari ba.
Amma a riƙa aiki a gabansa."

Yaya Sabi'u ya fara gwadawa.
Gwani ne, sai dai damarsa na can wancan ɓarin,
sai idonka ya ƙetara kafin ya same ta,
kan ya dawo ka yi gyangyaɗi.

Shi ne aka tuna da bahagon gida.

Yanzu kullum da hantsi, a soronmu na Yakasai,
ina shimfiɗa jar fatar akuya tsakaninmu,
gwiwata na taɓa taka.
Ina huda a hankali, kamar mai biya wa yaro allo.
'Yan adaidaita na ta ham a titi,
mai kunu ta leƙo ta wuce,
kai ba ka ɗaga kai.
Aron da na ɗauka ba ka sani ba
nake mayar maka, ɗinki ɗaya ɗaya.

Mako tara, shiru.

Shekaranjiya ina ƙulla bakin zare,
sai babban yatsanka na dama ya motsa.
Bai kai faɗin ƙwayar gero ba.
Na yi kamar ban gani ba, na kwance ƙullin,
na sake ƙullawa.
Ya sake.

Ka ce, da rabin bakin da ya rage maka,
"Ɗanlami, ya yi sako-sako. Kawo."

Na duba, basillar tana haguna.
Na fara juya ta zuwa dama, yadda aka hore ni,
sai na ga hannunka ya riga ya taho,
na hagun,
a buɗe, yana jira.